Yadda Ake Haɗa Na'urar DVR da Intanet ɗin Gida

Na'urar DVR da ke naɗar hotunan kyamarorin tsaro tana aikinta ko babu intanet. Haɗa ta da rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a gida, shi ne zai ba ka damar leƙa ƙofar gidanka a waya kana kasuwa.

Yawancin DVR na kamfanonin Hikvision da Dahua ba su da Wi-Fi, sai dai kebul. Nemi kebul ɗin intanet nau'in Cat5e ko Cat6, kada tsawonsa ya wuce mita 100. Soka kai ɗaya a ramin da ke bayan DVR, ɗayan kuma a ramin rauta mai rubutun LAN. Kada ka sa shi a na WAN. Da zarar sun ga juna, 'yar fitilar bakin ramin za ta fara ƙiftawa. In ta ƙi kamawa, fara zargin kan kebul ɗin, don sau da yawa matsewar ce ba ta yi kyau ba. Mai ƙaramar MiFi marar ramin kebul kuwa sai ya ƙara da na'urar da ke kama Wi-Fi ta fitar da shi ta kebul.

Sai batun adireshi, wato lambar IP da rauta ke gane kowace na'ura da ita, inda aka fi yin tuntuɓe. Jona DVR da talabijin da linzami, shiga sashen Network, ka kunna DHCP don rauta ta ba shi adireshi da kanta. Dahua kan fito daga kamfani da 192.168.1.108, alhali rautocin Huawei masu layin waya yawanci suna kan 192.168.8.1. Lamba ta ukun nan, 1 da 8, ita ce unguwa. In ta bambanta, kebul na jone, fitila na ƙiftawa, amma ba za su yi magana ba. Bayan rauta ta ba shi adireshi, ka ware masa shi a saitin rautar don kada ya sauya bayan an ɗauke wuta. A sashen Network na DVR, gurbin Gateway ya zama adireshin rautar, DNS kuwa in ka gan shi wayam rubuta 8.8.8.8.

Don kallo daga nesa, kunna Hik-Connect a sashen Platform Access na Hikvision, ko P2P a Dahua, ka jira ya nuna Online. Sauke manhajar Hik-Connect ko DMSS, ka ɗauki lambar QR da ke allon. Mai gida ne ya kamata ya buɗe asusun da lambarsa ko imel ɗinsa. Hik-Connect asusu guda yake ɗaure na'ura a kai, in mai saka kyamara ya ɗaure ta da nasa, ranar da kuka rabu sai an sha wahalar kwancewa, kafin nan kuma yana iya ganin tsakar gidanka.

Za ka ji ana maganar buɗe ƙofofi (port) a rauta don a iya shiga DVR daga waje, 8000 da 554 na Hikvision ko 37777 na Dahua. A rauta mai layin waya ɓata lokaci ne galibi, domin kamfanonin sadarwa kan haɗa masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya. Ko da yana aiki ma ba mu ba da shawararsa ba. A 2016 muguwar manhajar Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da DVR da aka bari da kalmar sirrin kamfani. Sa taka mai ƙarfi, ka kashe UPnP, saitin da ke buɗe ƙofofin da kansa.

Kallo na cin data. Hoto mai 2 Mbps yana lashe kusan MB 900 a awa ɗaya a kyamara guda, kuma daga ɓangare biyu, rautar gida da wayarka. Zaɓi ƙaramin hoton da ake kira Sub-stream. A 512 kbps kusan MB 230 ne.

In manhaja ta nuna Offline, duba wuta da data kafin ka taɓa saiti. Ana yawan ɗora DVR a inbata a manta da rauta a wutar NEPA, sai naɗi ya ci gaba amma waya ta makance. Ɗora su a UPS ko inbata ɗaya. Ka kuma kunna NTP, mai daidaita agogon DVR ta intanet, ka zaɓi GMT+1 in a Najeriya ko Nijar kake. Idan duk da haka kwanan wata na komawa baya duk lokacin da aka kashe na'urar, ɗan batirin da ke kan allonta na ciki ne ya mutu, sai a sauya shi.