Yadda za ka adana takardun wasan kwaikwayonka kafin gara ta cinye su

To jama'a, wannan na duk wanda ya taɓa hawa dandamali ne, ko a kulob ɗin dirama na sakandare ko ƙungiyar unguwa, kuma har yau yana da wata tsohuwar jakar Ghana mas go a ƙarƙashin gado cike da takardun wasa. Ni tawa na buɗe bayan damina na tarar gara ta yi wa wasa guda kaca-kaca, kashi na biyu gaba ɗaya ya tafi, wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba.

Farko dai ka zazzage komai a tabarma ka ware. Littattafan da aka buga, irinsu Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi ko Uwar Gulma da aka yi ta karantawa a makaranta, waɗannan kar su ɗaga maka hankali, ko naka ya lalace za ka samu wani a laburare ko wajen masu tsofaffin littattafai. Abin da ba shi da na biyu shi ne na hannu: wanda malamin Hausa ya rubuta muku a littafin aikin makaranta, wanda aka buga da tafireta aka gurza, da ɗan guntun takardar da darakta ya jera fitowa ta ɗaya, ta biyu, wa zai shigo wa zai fita.

Ka cire duk wani fil da sitefula, tsatsa suke yi su ci takarda. Kar ka manna salatif a inda ya yage, kuma don Allah kar ka kai a yi maka laminetin, zafin injin da gam ɗin ba sa fita, in ya ɓaci ya ɓaci kenan. Kowane wasa da fayil ɗinsa, a sa a akwatin ƙarfe, a ɗora kan benci ko bulo nesa da bango, a jefa kafur a gefe saboda kyankyasai. Rubutun da ka yi a gefen shafi lokacin rihazal, irin "nan ka yi tari", "juya ka kalli mutane", kar ka goge ko ɗaya, ni a wajena ya fi wasan kansa daraja ma.

Sai ɗaukar hoto. Wayarka ta isa, ka fita inuwa da hantsi, ba filasha, shafi ɗaya hoto ɗaya, ka sa wa fayil ɗin suna da shekara da sunan wasa, ka loda a Google Drive sannan ka ajiye kwafi a filash. In za ka tura wa wani ta WhatsApp ka tura a matsayin dokumen, in ba haka ba zai matse hoton rubutun ya dushe.

Amma fa ga inda gizo ke saƙa. Yawancin wasanninmu ba a rubuta su kalma da kalma ba, labarin kawai ake faɗa maka, a ce kai ne mai unguwa, wannan ta kawo ƙarar mijinta, sauran kuma bakinka ne zai fitar, shi ya sa in ka tuna su Samanja da Ƙasimu Yero da Karkuzu abin da ke dawo maka murya ce da yadda suke jefa magana. Kenan takarda rabin aiki ce. Ka nemi waɗanda kuka yi wasa tare tun suna raye, ka sayi lemo ka je ka zauna, ka kunna rikoda bayan ka nemi izininsu. Kar ka ce "ba ni tarihi", shiru za a yi maka. Ka ce wa ya manta layinsa ranar bikin yaye ɗalibai, wa ya ari babbar rigar babansa ba da saninsa ba, wane namiji ne ya ɗaura zani ya fito a uwargida don ba a bar mata sun shiga ba. Nan za ka ga hira ta ɓarke.

Hotuna kuma ka rubuta a bayansu da fensir, biro yana huda ya fito ta gaba: wuri, shekara, sunaye daga hagu zuwa dama. In akwai kaset na rediyo ko na bidiyo kar ka cusa shi a tsohon inji don gwaji, zai iya tauna zaren, ka kai wa masu juyawa zuwa kwamfuta ka tsaya a kansu har su gama, kuma ka karɓo kaset ɗinka ka dawo da shi akwati.