Kurakuran da ke ɓata giyar Sira a gonar duwatsu

Na gaji da ganin sababbin shiga harkar inabi a arewacin kwarin Ron na Faransa suna maimaita ɓarna iri ɗaya kowace kaka. A gangaren Kornas da yammacin tudun Ermitaj, wuraren noman inabi biyu na wannan kwari, ƙasar ba ta da kauri, yawancinta tsakuwar giranit ce, ruwa ba ya kwanciya, dutse kuma yana riƙe zafin rana har dare. Inabin Sira a irin wannan wuri da ƙarfinsa yake zuwa, ba ya bukatar a ƙara masa.

Babbar ɓarna ita ce jinkirin girbi. Sira yana nuna, 'ya'yan sai su fara yamushewa, sukari ya hau cikin 'yan kwanaki, tsami ya faɗi. Wata shekara mai zafi maigidan da nake yi wa aiki ya ce a dakata launi ya ƙara duhu. Babu irin roƙon da ban yi ba, ya kafe. Da muka shiga yanka, gefen gungun da ke kallon rana ya riga ya bushe, yana manne wa yatsu. Barasar ta haura kashi 15 cikin ɗari, ƙamshin masoron da aka san Sira da shi ya gudu. Dillali ya kurɓa sau ɗaya, ya ajiye kofi, ya karya farashi, kasona na shekarar ya tafi ke nan. Yanzu tun shigowar Satumba da sassafe nake zagaya gona ina tauna 'ya'yan. In ƙwayar ciki ta yi ruwan ƙasa, baurin fatar ya yi laushi, a ranar nake kiran masu yanka. Barasa kashi 13 ta ishe ni, duk wanda zai ce na yi gaggawa ya ce.

Sai sabuwar ganga. Haba jama'a! Ka sha wahalar hawa gangare da kwando a baya, sannan ka zuba giyar a sabuwar gangar itacen ok mai lita 228, ta fito tana ƙamshin katako? To ina amfanin duwatsun? Ni tsohuwar ganga mai lita 600 nake nema.

Warin ruɓaɓɓen ƙwai kuwa halin Sira ne, musamman in ƙasar gona ba ta ba inabin isasshen naitirojin ba, sinadarin da yis (ƙwayoyin da ke mayar da sukari barasa) ke bukata. Shinshina kowace ganga duk mako. Da ka ji shi, juye giyar zuwa wata ganga ta sha iska.

Kada ka yi ta danna fatun 'ya'yan cikin ruwansu lokacin da inabin ke tsimuwa, bauri zai yi yawa. Tsinken gungu in kore ne shar, cire shi. Ganyen ɓangaren yamma a bar shi ya kare 'ya'yan daga rana. Kowace kurangar kuma a ɗaure ta da turkenta tun da wuri, don iskar arewa da ke bin kwarin tana karya sabon reshe.