Yadda Ake Wanke Kakaki a Gida

A Maraɗi ƙurar hunturu da yawun mabushi ne ke dusashe tagullar kakaki, shi ya sa ya kamata a wanke shi bayan kowane hawan salla. Da farko a raba gaɓoɓinsa a hankali, domin ƙarfen ba shi da kauri, nan da nan yake lotsewa. Sannan a zuba ruwan ɗumi da ɗan sabulu a ciki, a ɗaura tsumma mai laushi a kan kara, a goge cikin bututun. Inda ya yi kore, a shafa ruwan lemun tsami da gishiri kaɗan, amma kada a bari ya daɗe a kai, kuma a guji yashi don yana karce tagulla. A ɗauraye, a bar shi ya bushe sarai a inuwa kafin a haɗa shi.