Ciwon bayan da kwanciya ke ƙara wa: yadda za ka lallaɓa sojojin jikinka

Akwai wani ciwon baya da ba ɗaukar kaya ke kawo shi ba, likitoci na ce masa ankilosin sifondilaitis, kuma yawanci yana farawa ne kafin mutum ya kai shekara 45. Mu nan Jos da an ga haka sai a ce sanyi ne ya shige ka, a haɗo maka jiƙo. To ba sanyi ba ne fa, sojojin jikinka ne suka rikice. Cikinsu akwai masu kai hari, akwai wasu da ake ce wa ƙwayoyin T masu daidaitawa da aikinsu taka birki ne, idan masu harin suka fi ƙarfin birkin sai sinadarai irin su TNF da IL-17 su yi ta hura wutar kumburi a ƙugu da gadon baya, shekara da shekaru har ƙasusuwan su nemi haɗewa mutum ya sandare.

Fara da lura da kanka. Ciwon ya wuce wata 3? Yana tashinka cikin dare, da asuba bayan ya ƙage sama da minti 30, ruku'u ma da ƙyar, amma kana fara zirga-zirga sai ya saki? To bar zaryar kemis, nemi likitan gaɓoɓi, ko a JUTH ne, wato asibitin koyarwa na Jami'ar Jos. Za a duba jini a ga ko akwai kumburi, a ɗau hoton ƙugu. Akwai gwajin HLA-B27, wata alamar gado ce da ake yawan samu a jinin masu ciwon, amma mu baƙar fata ba kasafai muke da ita ba, don ba ta fito ba ba shi ke nan ka tsira ba.

Maganin farko irin su ibuprofen ne ko naproxen, a sha yadda likita ya ce saboda suna cin ciki, mai olsa ya faɗa tun wuri. Idan sun kasa akwai allurai kamar adalimumab masu toshe TNF ɗin, tsada kam ba a magana, kuma sai an gwada ka tarin fuka tukuna don suna iya tada wanda ya kwanta a jiki.

Sauran aikin naka ne: miƙe-miƙe kullum da safe bayan wanka da ruwan ɗumi, tafiyar ƙafa, ka riƙa kwanciya rub da ciki na ɗan lokaci. Sigari kuwa a yar da ita, ƙara ciwon take yi. In ido ɗaya ya yi ja yana zafi ba ya son haske, ranar za ka ga likitan ido, kar ka kwana.