Kafin Ka Tafi Aikin Sa Kai a Wata Ƙasa: Abin da Na Gani a Gambiya

Shekara biyu na yi ina koyar da lissafi a wata sakandare a Gambiya, can cikin ƙasa gefen kogi, nesa da Banjul, babban birnin ƙasar. Na tafi ne ƙarƙashin shirin TAC (Technical Aid Corps), wato shirin tura ƙwararru aikin sa kai ƙasashen waje, wanda Najeriya ta kafa a 1987 zamanin Janar Babangida, lokacin Farfesa Bolaji Akinyemi na ministan harkokin waje. Shirin yana tura malamai da likitoci da ma'aikatan jinya da injiniyoyi ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik. Najeriya ke biyan alawus, ƙasar da ta karɓe ka ta ba ka masauki. Tun da na dawo abokan aiki ke tambayata yadda ake yi, ga abin da nake gaya musu.

Fara da gida, tun ba ka cike takarda ba. Zauna da mahaifanka da iyalinka ka faɗa musu gaskiya: shekara biyu ce, za a yi suna da biki da rasuwa ba ka nan. Ni kawuna ya rasu ina can, a waya na yi wa mahaifiyata ta'aziyya, har yau abin yana raina. Ka tsayar da wanda zai riƙa kai cefane da kuɗin makarantar yara, ku yi maganar ƙarara, nawa ne kuma ranar nawa ga wata. Wanda ya bar gida a hargitse, jikinsa ne kawai zai shiga aji.

Takardu ba su da wuya idan ka fara da wuri: fasfo mai sauran wa'adi da yawa, katin allurar shawara, ainihin takardun karatunka da kwafinsu, da wasiƙar wurin aikinka da ta nuna an sake ka kuma gurbinka na jiranka. Wannan ta ƙarshe kada ka yarda da alkawarin baka. Duk wanda kuma ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka gurbi, rabu da shi. Ka riƙe guzurin da zai kai ka wata guda ko biyu, don katifa da tukunya da layin waya duk a makon farko za ka saye su, da dalasi, kuɗin ƙasar.

Idan ka isa, kama bakinka ka buɗe kunne. Nan na yi kuskure. Gambiya na cikin WAEC, jarrabawarmu ɗaya, sai na ɗauka na san komai. A taron malamai na farko sau uku ina cewa "mu a Najeriya ga yadda muke yi". Da aka tashi wani dattijon malami ya ja ni gefe ya ce, "Malam, mun san ƙasarku babba ce, amma fara sanin yaranmu tukuna." Gaskiya ya faɗa. Da yawa daga ɗalibaina sai sun yi aikin gonar gyaɗa ko shinkafa kafin su buɗe littafi, wasu daga ƙauyuka masu nisa suke tahowa a kan keke. Sai da na rage jibga musu aikin gida, na koma yin atisaye tare da su bayan la'asar, sannan muka fara gane wa juna.

Koyi gaisuwa tun ranar farko. "Abaraka" ita ce na gode da Mandinka, "jerejef" da Wolof. Idan kana jin Fulatanci ka yi sa'a, Fulani na da yawa a can, ko da yake karin harshensu ya bambanta da namu. In an kira ka cin abinci kada ka ce ka ƙoshi: kwano ɗaya ake zagayewa, ko benacin, wato dafa-dukan shinkafa, ko domoda, wato shinkafa da miyar gyaɗa. Bayansa a ɗora shayin attaya, a sha zagaye uku ana hira, kuma a wannan zaman za ka ji abin da ba a faɗa a ofis. Shinkafa ce kusan kullum, don haka ka sa yaji da busasshiyar kuɓewa a jaka. Gidan sauro kuwa dole ne, musamman da damina.

Kewar gida ta fi tsanani da Babbar Sallah, wadda suke kira Tobaski. Kada ka kulle kanka a ɗaki. Ni maƙwabcina ne ya zo ya tafi da ni Idi, na taya shi fiɗar rago, matarsa ta aiko mini da nama kamar ɗan gida.

Saura wata shida ka dawo, fara miƙa aiki. Na zaɓi wani matashin malami muka riƙa shiga aji tare, na bar masa duk tambayoyin da na tsara da littattafan da na zo da su. Ka karɓi takardar shaidar aiki daga shugaban makaranta kafin ka ɗaure kaya, ka kuma rubuta wa wurin aikinka na gida ranar da za ka koma. Matashin nan har yanzu yakan turo mini tambayar da ta gagari ajinsa ta WhatsApp, mu warware ta da daddare.