Matakan Tantance Ingancin Makarantar Yarjejeniya a Amurka

Makarantar yarjejeniya (charter school) irin ta sakandare da kuɗin gwamnati take gudana, amma kwamiti mai zaman kansa ke tafiyar da ita bisa yarjejeniya da hukumar da ta ba ta izini. Da farko, nemi rahoton hukumar da ta ba ta izini, ka ga ko an sabunta yarjejeniyarta ba tare da gargaɗi ba. Sannan ka duba sakamakon jarrabawarta a shafin sashen ilimi na jiha. Mataki mafi muhimmanci shi ne kwatanta yawan waɗanda suka shiga aji 9 da waɗanda suka kammala aji 12 bayan shekara huɗu, domin idan ɗalibai masu rauni suna ficewa, sakamakon zai yi kyau alhali koyarwar ba ta inganta ba. Daga nan ka ziyarci azuzuwa, ka tambayi daɗewar malamai a wurin.