Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Lissafin Nauyin Ƙaramin Jirgin LSA

A shekarar 2004 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta ware wani rukuni na ƙananan jiragen shaƙatawa da ake kira LSA. Sharuɗɗan da ta gindaya sun haɗa da kujeru biyu, inji ɗaya, gudun da bai wuce kilomita 222 a awa ba, sannan nauyin jirgin lokacin tashi kada ya haura laba 1,320, wato kusan kilo 600. Mai sauka a kan ruwa an ba shi laba 1,430, kusan kilo 650. Hukumar Turai, EASA, ita ma ta tsaya a kan 600 da 650 ɗin.

Zaton cewa kilo 600 nauyin kaya ne

Masu shirin sayen jirgi da sababbin ɗalibai su suka fi faɗawa wannan. Kilo 600 nauyin komai ne a haɗe: gangar jirgin, inji, mai, mutane, jaka, har da gorar ruwan da ke gefen kujera. Abin da jirgi zai ɗauka shi ne ragowar da ta saura bayan an cire nauyinsa yana fanko.

Ga misalin Cessna 162 Skycatcher. Iyakarsa laba 1,320, nauyinsa fanko kusan laba 830. Saura laba 490, kilo 222 ke nan. Tankinsa na ɗaukar galan 24 na man da inji ke iya zuƙa, lita 91, mai nauyin kilo 65. In an cika tanki, abin da ya rage wa mutane da kaya kilo 157 ne kacal. Maza biyu masu kilo 85 kowanne sun riga sun zarce da kilo 13, ko jaka ba a saka ba.

Ba Cessna kaɗai ke da wannan matsi ba. Ƙa'idar ASTM, ƙungiyar tsara ma'aunin ingancin kayayyaki, da ake ƙera waɗannan jirage a kanta ta nemi a bar laba 190 ga kowace kujera, a ƙara rabin ƙarfin dokin injin a laba. Jirgi mai kujeru biyu da inji mai doki 100 zai iya cika ƙa'ida da laba 430 kawai, kilo 195, kuma mai na cikin wannan adadi.

Gaskata nauyin da ke takardar talla

Nauyin fanko da kamfani ke bugawa na jirgin da ba a ƙara masa komai ba ne. Mai saye kuwa sai ya sa laimar ceto da ke saukar da jirgi ɗungurungum, wadda ita kaɗai ta kai kilo goma sha wani abu, ya ƙara allon na'ura na biyu, na'urar tuƙi da kanta, murfin tayoyi, fitilu, kujerun fata. Kowanne a ido ba wani abu ba ne, amma in an tara sai a ga kilo 25 ko 30 sun tafi.

Gyaran shi ne a yi aiki da takardar awon nauyi ta wannan jirgin, mai ɗauke da lambarsa, a duba ranar da aka sabunta ta. Idan an sauya fenti, batir ko farfela bayan ranar kuma ba a gyara lissafi ba, a sake aunawa. Ana yin awon a cikin rumfar jirage a rufe, domin iska ko kaɗan ce tana ɗaga fiffike ta ɓata karatun sikeli. A zuƙe mai sai wanda inji ba ya iya ja, a kwashe duk abin da ba ya cikin jerin kayan jirgin, a sa sikeli ƙarƙashin kowace taya, a daidaita jirgin ya tsaya sak yadda littafinsa ya nuna, sannan a cire nauyin katakon tare taya daga abin da sikeli ya nuna.

Cika tanki don sabo

Wanda ya koyi tuƙi a jirgi mai kujeru huɗu ya saba cewa a cika kawai. A LSA man tanki shi ne abin da ake ragewa, tunda ba a rage fasinja. Litar man jirgi na 100LL kilo 0.72 ce, galan ɗin Amurka kuma laba 6. Man mota, wanda injin Rotax 912 ke sha lafiya lau, ya ɗan fi haka nauyi.

A koma kan Skycatcher. Mutum biyu kilo 170, jaka kilo 7, jimla 177. A cire daga 222, saura kilo 45 na mai, kusan lita 62. Idan inji na shan lita 22 a awa, tafiyar awa biyu da minti hamsin ce. Dokar Amurka ta ce da rana a bar man minti 30 a ajiye, da dare na minti 45. Saboda haka zangon kada ya wuce awa biyu da minti ashirin, kuma matuƙi mai hankali zai bar fiye da abin da doka ta ce. Tafiya mai nisa sai a raba ta, a sauka a sha mai a hanya.

Wajen juya ma'auni ma ana tafka kuskure. Galan ɗin Amurka lita 3.79 ne, na Ingila 4.55. Laba ɗaya kilo 0.454. Littafin jirgin Turai na iya zuwa da kilo da lita, famfon mai a Amurka kuma yana ƙirga galan. A zaɓi ma'auni ɗaya a juya komai zuwa gare shi kafin a fara tarawa. A kuma tsoma sandar awo cikin tanki, domin allurar mai a ƙananan jirage ba abar dogaro ba ce. Nauyin fasinja ma kada a karɓa da baki. Mutane kan faɗi nauyinsu na bara, babu takalmi babu rigar sanyi. Sikelin banɗaki a rumfar jirage ya raba gardama.

"Ai ɗan ƙari ne, zai tashi"

Zai iya tashi, kuma nan haɗarin yake. Kusa da ƙasa, a tsayin da bai kai faɗin fiffike ba, iskar da ke tsakanin fiffike da titi tana rage wa jirgi turjiya, sai jirgin da ya yi nauyi ya ɗaga ya yi ta shawagi ƙasa-ƙasa, ya kasa hawa, titi ya ƙare, itatuwa na gaba.

Ƙarin nauyi na kashi 10 cikin ɗari yana ƙara tsawon titin da ake buƙata da kusan kashi 20. Mafi ƙarancin gudun da jirgi ke buƙata don kada fiffike ya saki iska ya daina ɗaga shi yana hawa da kusan kashi 5. Gangar jirgin kuma an gina ta ta jure ninki huɗu na nauyin da aka amince, wato kilo 2,400 ga jirgin kilo 600. In an kai shi 660, ninkin ya sauko zuwa 3.6, kuma babu alamar da matuƙi zai gani sai ranar da ya shiga iska mai girgiza ko ya dira da ƙarfi.

Zafi da tudu suna ƙara dagula lamarin. Ƙa'idar awon yanayi ta ɗauki digiri 15 a bakin teku, tana raguwa da kusan digiri 2 duk ƙafa dubu. Kowane digiri da ya haura wannan yana sa jirgi ya ji kamar an ɗaga filin da ƙafa 120. Filin jirgin Centennial da ke kusa da birnin Denver a Amurka yana kan ƙafa 5,885. A ranar da zafi ya kai digiri 32, inji da fiffike suna aiki kamar a ƙafa 9,300. Jirgin da bai zarce iyaka da ko kilo ɗaya ba yana iya kasa hawa a irin wannan rana. A duba jadawalin tsawon titi a littafin jirgi, a ƙara masa rabi, ko a tashi da sassafe.

Duba jimla a manta da wurin ajiye kaya

Jirgi kamar ma'aunin hannu biyu yake, yana da cibiyar nauyi, kuma tazarar da aka yarda ta motsa a ciki 'yan santimita ne. Ana ninka nauyin kowane abu da nisansa daga layin da kamfani ya sa a matsayin mafarin awo, a tara sakamakon, a raba da jimlar nauyi. Amsar dole ta faɗa tsakanin iyakar gaba da ta baya. Jakar kilo 15 da aka matsar mita ɗaya baya a jirgin kilo 600 tana jan cibiyar santimita biyu da rabi.

Idan cibiya ta koma baya da yawa, hanci yakan ɗaga da sauƙin da ba a so, kuma in fiffike ya saki iska, dawo da hancin ƙasa na iya gagara. Idan ta yi gaba, ɗaga hanci wajen sauka yana wuya, tayar gaba ta sha duka. A yi lissafin sau biyu, da man tashi da man da zai rage wajen sauka, domin a wasu jirage cibiyar na tafiya yayin da tanki ke raguwa. Wurin ajiye kaya ma yana da tasa iyakar daban, a rubuce a jikinsa, ko da jimla ta bar sarari. Jirage masu kujera ɗaya gaban ɗaya suna da tasu doka: Piper J-3 Cub, in matuƙi shi kaɗai ne, a kujerar baya yake zama.

Zaton cewa sabuwar doka ta ƙara wa tsohon jirgi ƙarfi

A watan Yulin 2025 FAA ta fitar da dokar MOSAIC, wadda ta cire iyakar laba 1,320 daga ma'anar rukunin, ta koma auna jirgi da gudun sakin iska, ta kuma buɗe ƙofa ga kujeru huɗu, duk da mai lasisin tuƙin wasanni fasinja ɗaya kawai zai ɗauka. Wasu masu jirage sun fahimci wannan a matsayin izinin ƙara kaya. Dokar ta sauya abin da za a iya ƙerawa da abin da matuƙi zai iya tuƙawa, fiffiken da aka gwada a kan kilo 600 kuwa yana nan yadda yake. Adadin da ke littafin jirgin shi ke aiki har sai kamfanin da ya ƙera shi ya ɗaga shi a rubuce ga wannan samfurin.